Shuka kariya a tsakar gida: ƙasa, ruwa da abin da ke kashe ta

Kariya 'yar gida ce. Tun daga Senegal da Mali, ta biyo ta Nijar da arewacin Najeriya, har Chadi da Sudan da gabashin Afirka, ta tsallaka Yaman, ana samun ta a daji kan tudu, cikin duwatsu da marmara, inda ruwa ba ya kwanciya. Masana tsirrai na kiran ta Adenium obesum, kuma dangi ɗaya suke da tumfafiya. Wanda ya taɓa ganin ta a tsakiyar rani ba ya mantawa: daji ya bushe ƙurmus, ita kuwa ga ta tsaye da ƙaton gindi mai santsi, babu ganye ko ɗaya, amma kan kowane reshe ya cika da fure ja-ja mai fari daga ciki, mai kunne biyar. Tsawonta a daji kan kai mita 1 zuwa 3.

Wannan kumburarren gindin shi ne rumbun ruwanta. Da shi take ratsa wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwan sama. Saboda haka duk wanda zai kawo ta gida ya fara riƙe wannan: ba ƙishirwa ke kashe kariya ba, yawan kulawa ne. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a gidaje ruɓewar saiwa ce ke cinye su, ko a cikin marka ko a cikin sanyin hunturu. Ƙasar da za a haɗa, tukunyar da za a zaɓa, wurin da za a ajiye, duk manufarsu ɗaya ce, ruwa ya zo ya wuce kada ya zauna.

Kafin a taɓa ta

Ruwan da ke fita daga jikin kariya dafi ne, kuma ba na wasa ba. Yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, shi ya sa a sassa da dama na Afirka mafarauta suka yi amfani da shi wajen dafin kibiya, masunta kuma wajen kashe kifi. Ganye, saiwa, ɓawo, fure, babu wanda ake ci. Idan za a yanka ta a sa safar hannu, in babu a ɗaura leda, a kiyaye ido da baki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Wuƙar da aka yi aikin kada ta koma madafa sai an wanke ta sosai, gara ma a ware mata tata. Rassan da aka sare ba a yin asuwaki da su, ba a hura wutar girki da su, ba a watsa su inda awaki ke kiwo ko a kududdufi. A binne su. Gidan da ke da yara masu rarrafe a ɗora tukunyar kan dakali ko wani wuri mai tsayi. Idan yaro ya tauna, ya fara amai ko jiri ko jikinsa ya saki, asibiti za a nufa kai tsaye, a tafi da ɗan reshen don likita ya gani. Akwai masu ba da ita a matsayin magani. Sha dai kada a sha.

Wurin da za ta zauna

Rana take so, aƙalla awa 6 a yini, kuma ta safe zuwa azahar ta fi. Kariyar da aka ajiye a inuwar darbejiya ko cikin baranda za ta rayu, amma rassanta za su yi ta miƙewa sirara, ganye ya yi yawa, fure kuwa sai dai a gani a gidan maƙwabta.

Akwai wurare uku a gidan Bahaushe da hannu ke saurin kai shuka, kuma dukansu kabari ne ga kariya: ƙarƙashin indararo, gefen wurin alwala, da bakin rariyar wanke-wanke. Lalle da na'a-na'a za su ji daɗin wurin, ita ba za ta kai ƙarshen damina ba. Ruwan omo ma yana tara gishiri a ƙasa, ya ƙone bakin ganye.

Idan a ƙasa za a dasa, kada a haƙa rami a bar shi da kwari kamar na mangwaro. Tudu ake yi mata. A tara ƙasa tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗin kamar mita 1, a dasa a tsakiyar kansa, a kewaye da duwatsu ko fasassun bulo don kada ruwa ya zaizaye shi. Gidan da ke kan jigawa ya huta, ɗan tudu kaɗan ya isa. Wanda ke kan laka ko kusa da fadama ya ƙara tsayin tudun, ko kuma ya haƙura ya yi ta a tukunya. Tsakanin ɗaya da ɗaya a bar mita 1 zuwa 1 da rabi. A Kaduna, Zariya da Jos, inda ruwan shekara ke haura milimita 1,000, tukunya ta fi tsaro, don ana iya janye ta idan sama ta ƙi ɗaukewa. A Zinder ko Maraɗi ko Nguru ƙasa ma ta wadatar.

Haɗin ƙasa da tukunya

Ga haɗin da ke aiki, a auna da kwano ɗaya ko wane iri ne:

Yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 2. Ƙananan tsakuwa ko dakakkiyar marmara, girman wake zuwa gyaɗa, kwano 1. Ƙasar gona ta sama, kwano 1. Tsohon takin shanu ko na awaki wanda ya shekara, ya yi baƙi ya daina wari, kwano 1. Gutsattsarin gawayi, rabin kwano.

A lura da yashin. Rairayi mai laushi irin wanda iska ke tarawa a gindin katanga bai dace ba, domin idan ya haɗu da ƙasar gona yana toshe ƙofofin iska, ya daskare. Irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi ake nema. Ɗanyen kashin kaji kuwa a nisanta shi, yana ƙone saiwa. Bayan an haɗa a gwada: a cika tukunyar, a zuba ruwa kofi biyu. In ya nutse nan take ya fara ɗiga ta ƙasa kafin a ƙirga 15, haɗi ya yi. In ya tsaya a sama yana ƙyalli, a ƙara yashi da tsakuwa. Wani gwajin, a jiƙa a dunƙula a hannu. Ya kamata ya wargaje da an buɗe hannun.

Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba, saboda jikinta na shan iska kuma tana tsane ruwa ta gefe. Kasko mai faɗi marar zurfi sosai ya fi dogon tulu, tunda saiwar kariya gefe take bazuwa. Tsohuwar randa da ta tsage ma tana yi idan aka rage mata tsayi. Ko wace ce, a huda gindinta wuri 4 ko 5, kowace huda yatsa ya shiga, sannan a ɗora ta kan duwatsu uku ko bulo don kada hudar ta manne da siminti. Baƙar roba a ranar watan Afrilu tana dafa saiwa, in ita ce kawai ke akwai a shafe ta da farin fenti ko a naɗe ta da buhun algarara. Girma kuma kada a zarce: tazarar yatsu uku tsakanin gindin shukar da bakin tukunya ta isa. Ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya tana zaune ne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ba ta iya shanyewa.

Reshe ko iri

Hanya mafi sauri ita ce reshe. A samu mai lafiya, kaurin babban yatsa ko fiye, tsawon santimita 20 zuwa 30, wanda fatarsa ta fara yin toka-toka. A yanke da wuƙa mai kaifi a bugu ɗaya, a cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama, a barbaɗa toka ko garin gawayi a bakin yankan. Daga nan sai abin da mutane da yawa ke tsallakewa: a jingine shi a inuwa mai iska kwana 5 zuwa 7, har bakin ya bushe ya yi tauri. Reshen da aka soka a ƙasa da ɗanyen ciwo ruɓewa yake yi daga ƙasa zuwa sama, mai shi yana ganin koren ganye yana murna, ashe ciki ya tafi.

Idan ya bushe a soka shi zurfin santimita 5 zuwa 7 cikin haɗin da ke da ɗan danshi kaɗan, a tokare da tsinke, a ajiye inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Kwana 4 ko 5 na farko ba ruwa. Bayan haka a riƙa ba shi kaɗan a gefen tukunya duk lokacin da ƙasar ta bushe. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 8. Alamar ita ce sabon toho da ke ci gaba da girma. Kada a riƙa tumɓuke shi ana dubawa.

Lokacin wannan aiki shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu, sanyi ya wuce, ruwa bai kankama ba. Reshen da aka dasa a Maris ya yi saiwa kafin marka. Wanda aka dasa a Agusta ko Disamba, sai dai a yi masa addu'a.

Aibin reshe ɗaya ne: ba ya yin ƙaton gindin nan da wuri. Saiwarsa za ta yi kauri a cikin ƙasa bayan shekaru, amma siffar tulun da ake sha'awa daga iri take zuwa. Irin yana cikin kwanso biyu da ke fitowa a haɗe, kowanne ya nufi gefensa, tsawon taƙi ko kusa da haka. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna, kuma ranar da ya tsage iska ce ke kwashe komai, don kowane ƙwayar iri tana da gashi a kai biyu. Da an ga kwanson ya fara dusashewa a ɗaure shi da zare sako-sako, ko a sa masa yankin tsohon gidan sauro. Sau da yawa kariya ɗaya tilo ba ta ba da kwanso, sai akwai wata daban a kusa wadda ba daga reshenta aka ciro ba.

Irin kamar ɗan guntun tsinke yake, tsawon santimita 1 ko ɗan fiye. A cire gashin, a matsa a hankali, wanda ya lotse fanko ne. Ba ya jure ajiya, a shuka shi cikin makonni kaɗan. Wanda ya shekara a leda yawanci ya mutu, kuma wannan ne dalilin da ya sa masu sayen iri daga nesa ke yawan kuka. A jiƙa shi awa 2 zuwa 3, a kwantar da shi a kwance kan haɗin da aka tankaɗe manyan tsakuwarsa, tazarar santimita 3, a rufe da yashi kaurin rabin santimita. A nan kaɗai ne kariya ke son danshi kullum: a yayyafa ruwa safe da yamma, kada ƙasar ta bushe, kada kuma ta yi caɓa. A yanayin ɗumi na digiri 25 zuwa 35 tsiro kan fito cikin kwana 5 zuwa 10, da ɗan kumburarren gindinsa tun ranar farko. A kare su daga ranar tsaka da kuma ƙadangaru da kaji. Idan suka yi ganye 6, wajen wata 2, a raba kowanne da gwangwaninsa, a fara saba musu da rana awa ɗaya, awa biyu, har su ƙarfafa. Fure na farko kan zo tsakanin shekara 1 zuwa 2.

Abin da bai kamata ba shi ne zuwa daji a haƙo tsohuwa da gindinta. Saiwarta ta shige tsakanin duwatsu, sai an datse ta, kuma mafi yawansu a gida suke ruɓewa bayan sun yi shekaru masu yawa suna tsaye lafiya. Reshe biyu daga jikinta sun wadatar. Masu sayar da furanni a bakin titi kuma suna kawo wasu masu fure ninki-ninki, ja wur ko fari ko ruwan ɗorawa, waɗanda asalin gyaransu daga Tailan da Taiwan ne. Aure aka yi musu, wato an haɗa reshensu a kan gindin wata kariyar, in an duba za a ga tabon. Suna da kyau, amma irinsu ba ya maimaita furen uwar, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da tabon auren a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na sama. Wajen juriya dai ta dajinmu ta fi su.

Ban ruwa bisa yanayi

Ba a yi wa kariya jadawalin kullum. Ƙasa ake tambaya. A soka tsinken tsire har gindin tukunya, a bar shi minti ɗaya a zaro. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, a jira. In ya fito a bushe, a zuba ruwa sosai har ya zubo ta ƙasa, sannan a manta da ita har ta sake bushewa. Ɗan yayyafi kullum ya fi komai muni, saman na jiƙe, ƙasan babu iska.

A bazara, Maris zuwa Mayu, ta tukunya za ta nemi ruwa duk kwana 3 zuwa 5, kuma a wannan lokacin tana sha da gaske, tana girma. Wadda aka dasa a ƙasa, in ta shekara biyu, sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta, ko babu ma ba za ta mutu ba. Da damina ta sauka a ajiye buta. A Agusta, idan aka jera kwana uku ana ruwa babu rana, a janye tukwane ƙarƙashin rumfa ta gefen da haske ke shiga, a duba hudojin ko sun toshe. Faranti a ƙarƙashin tukunya a cire shi, ban da ruɓewa ma gidan sauro ne.

Hunturu shi ne inda ake yawan kuskure. Daga Disamba zuwa Janairu ganyenta kan yi rawaya ya zube, mai ita ya tsorata ya ƙara ruwa. Barci take yi, ba ciwo ba. Saiwar ba ta sha a lokacin, kuma sanyi da danshi in suka haɗu ruɓewa ce. Sau ɗaya a mako 2 ko 3 ya isa, da hantsi, don ƙasar ta sha iska kafin dare. Ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10, don haka a Jos, da garuruwan bakin hamada irin su Agadas, a matsar da ita jikin katangar da rana ke duka da yini, ko a shigar da ƙanana ɗaki da dare.

Gindin ma yana magana. A matsa shi da yatsa: mai lafiya tauri gare shi. In ya yi laushi ya ɗan yamutse alhali ƙasa a bushe take, ƙishirwa ce, ruwa ɗaya ko biyu zai cika shi. In ya yi laushi ƙasa kuma a jiƙe, ruɓewa ta shiga, kuma ƙarin ruwa zai ƙarasa ta.

Idan ruɓewa ta kama

A tumɓuke ta ranar da aka gane, kada a ce sai gobe. A wanke ƙasar duka, a duba. Lafiyayyen nama fari ne mai tauri, ruɓaɓɓe kuwa ruwan ƙasa ne ko baƙi, yana wari, yatsa na shiga. A yanke duk inda ya taɓu, ana goge wuƙar da sifirit bayan kowane yanka, har sai an kai ga fari tas babu ɗigon baƙi ko ɗaya. Tausayi a nan asara ne, ɗan tabon da aka bari shi zai dawo. A shafe ciwon da garin farar wuta, in babu a sa toka, a rataye ta a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 10. Sannan a dasa cikin sabon haɗi busasshe, ba tsohon ba, a yi mako guda ba ruwa. Idan gindin ya tafi gaba ɗaya, a yanke rassan da ke da lafiya a yi sabon dashe da su.

Taki, aski da sauyin tukunya

Ba ta da ci. Ga tukunya mai faɗin santimita 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na takin kamfa 15-15-15 duk mako 6, daga Afrilu zuwa Satumba, a barbaɗa a bakin tukunya nesa da gindi, a bi da ruwa. Yuriya a bar wa masara, tana sa rassa su yi tsawo da laushi, fure ya ƙaurace. A hunturu babu taki sam.

Fure a kan reshe yake fitowa, saboda haka yawan rassa shi ne yawan fure. Wadda ta miƙe sanda ɗaya a datse ta a tsayin santimita 15 zuwa 20 daga gindi, za ta fito da toho biyu zuwa huɗu cikin mako 3 ko 4. A yi yankan a karkace don ruwa ya zame, a goge ruwan da ya tsatso, in ya bushe a ɗiga masa kakin kyandir. Lokacin aski shi ne bayan furen rani ya zube, kafin ruwa ya zauna. Aski a marka ƙofa ce ga ruɓewa.

Duk shekara 2 a sauya ƙasa, a farkon bazara. A nan ne ake fito da kyan gindin: a ɗaga shi santimita 2 zuwa 3 sama da inda yake a da, manyan saiwoyi su bayyana. Fatar da ta saba da duhu fara ce, kuma rana na ƙone ta, sai a rufe da ƙyalle ko a ajiye a inuwa mako 2. Bayan sauyin a jira kwana 5 zuwa 7 kafin ruwa, don ƙananan raunukan saiwa su warke.

Ƙwari

Darɓa mai launin rawaya kan taru a sabon toho da kan fure, ita ce dai ake gani a jikin tumfafiya. Akwai kuma farin ƙwaro mai kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, wani lokaci har cikin saiwa, kuma yawan zirga-zirgar tururuwa a jikin shukar alamarsa ce. A lokacin ƙura wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari kan zauna a bayan ganye, su sa shi ya yi ɗige-ɗige ya dusashe, har a ga siririyar yana. Dukansu maganin farko ɗaya ne: a wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi ta ƙasa, sannan a fesa ruwan sabulu, ƙaramin cokali 1 a lita 1. In sun yi taurin kai a daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya giram 50, a jiƙa a lita 1 ya kwana, a tace a fesa duk kwana 5 har sau uku. Da yamma ake feshi, na tsakar rana ƙone ganye yake yi. Ƙatuwar koriyar tsutsa kuma, wadda ke iya cinye ganyen ƙaramar shuka a dare biyu, baƙin kashinta a kan ƙasa ke tona ta. A duba bayan ganye da sassafe a cire ta da tsinke, kada a ba kaji, tunda ganyen dafi ta ci.